Waiwaye: Ƙafar da Ta Daina Kai Ƙara

Duk wanda ya tashi a garuruwanmu ya san abin da ake faɗa a kan kuturta: cuta ce mai cin nama. Bana ta ɗauke ɗan yatsa, baɗi ta ɗauke na kusa da shi, a kwana a tashi hannu ya zama dungu, ƙafa ta guntule. Ba mu kaɗai muka tafi a kan haka ba. Likitocin Turai ma, da duk karatunsu, sun ɗauka naman mai kuturta lalatacce ne, ba ya warkewa, don haka likitan fiɗa ba ya ɓata lokacinsa a kansa. Tun 1873 Gerhard Hansen ya hango ƙwayar cutar a garin Bergen na ƙasar Norway, amma sai da aka ƙara fiye da shekara 70 kafin a bi diddigin yadda yatsun suke tafiya. Da aka bi, sai aka tarar ba ƙwayar ce ke cinye su da bakinta ba. A ƙafa dai, abin da ke yin ɓarnar shi ne tafiya a kan ƙafar da ba ta jin zafi, cikin takalmin da bai dace da ita ba, ko babu takalmin ma sam.

Wanda ya fi kowa shan wahalar wannan bincike shi ne Paul Brand, likitan fiɗa ɗan Ingila da aka haifa a kudancin Indiya a 1914. A 1946 ya koma Indiya ya kama aiki a asibitin koyarwa na Vellore, kuma a can ya fara duba hannayen masu kuturta. Abin da ya gani ya saɓa wa abin da aka koya masa. Idan ya yi wa hannun aiki ya ɗinke, yana warkewa daidai da na kowa. To, ina yatsun suke zuwa? Sai shi da abokan aikinsa suka ɗauki hanya mai cin rai: su auna yatsun marasa lafiya, su zana su a takarda, duk sabon raunin da ya fito sai an nemo dalilinsa. Wannan majinyaci abu mai zafi ya ɗauka da hannu bai sani ba. Wancan ƙotar kayan aiki ce ta yi masa bororo, ya ci gaba da aikinsa har ya fashe ya zama gyambo. Wasu kuma sukan wayi gari guntun yatsa ya ɓace, aka rasa gane kan abin, sai daga baya aka gano ɓeraye ne ke gaigayar su cikin dare, mai yatsan yana ta barcinsa. Daga nan aka riƙa haɗa wanda aka sallama da kyanwa ya tafi da ita gida.

Ƙwayar kuturta jijiyoyin ji take kamawa, musamman a sassan jiki masu ɗan sanyi irin su hannu da ƙafa da fuska. Idan jijiyar ta mutu, naman yana nan da ransa, jini na gudana, sai dai babu mai kai ƙara. Hausawa sun ce jiki magayi. A nan jikin ya daina faɗa.

Hannu ya zo wa Brand da sauƙi idan aka kwatanta da ƙafa. Gyambon tafin ƙafa ya ba su kashi shekara da shekaru. A kwantar da mutum, ko a naɗe ƙafar cikin filasta, nan da 'yan makonni gyambon ya rufe sarai. A sallame shi ya koma gida, kafin wata ya zagayo ya dawo da shi a daidai wurin da yake da farko. Magani bai gaza ba, nama bai gaza ba. Abin da ke ƙarƙashin ƙafar da abin da ke kewaye da ita ne matsalar. Ta haka likitan da ya yi suna a gyaran hannu ya koma zama da masu ɗinkin takalma. Suka gwada katako, suka gwada fata, suka gwada soso, wani ya yi tauri, wani ya lotse cikin 'yan kwanaki. Daga ƙarshe suka dace da wata roba mai laushi mai ƙananan ƙofofin iska a cikinta, wadda ke raba nauyin jiki a faɗin tafin ƙafa maimakon ta tara shi wuri guda. A Karigiri, cibiyar kuturta da ke kusa da Vellore, aka riƙa sarrafa ta ana ɗinka sandal da ita, kuma har yau irin wannan roba ake sa wa masu kuturta a ƙasashe da yawa.

A cikin wannan aiki ne aka rarrabe hanyoyin da takalmi ke cutar da ƙafa. Kowa ya san ƙusa ko tsakuwa. Wannan sara ɗaya ne, a bayyane yake. Wanda mutane ba su ɗauka a bakin komai ba shi ne matsi mai sauƙi amma mai daɗewa. Danna farcen babban yatsanka ka gani: wurin zai yi fari, ka saki jini ya dawo. Ƙarfin da ka sa bai kai ya kawo ba, amma ya isa ya tsayar da jini a ƙananan hanyoyinsa. Haka matsattsen takalmi yake yi wa gefen ƙaramin yatsa da gindin babban yatsa da bayan dunduniya. Mai lafiya ba zai jure ba. Kafin awa biyu ya fara motsa yatsu a ciki, ya zare dunduniya a ƙarƙashin tebur, ya canza taku, ya ɗingisa, in ta ƙi ya tuɓe ya riƙe a hannu. Duk wannan ba da tunani yake yi ba, zafi ne ke tuƙa shi, kuma kowane motsi dama ce da jini ke samu ya koma. Wanda ƙafarsa ba ta ji kuwa, sai ya sa takalmin da hantsi bai cire ba sai bayan isha'i. Fatar da ta wuni babu jini ta riga ta mutu, kwana biyu sai ta buɗe.

A 1966 Brand ya koma asibitin kuturta na gwamnatin Amurka da yake a lokacin a Carville a jihar Louisiana, inda ya sami kayan aikin da babu su a Indiya. Can aka tabbatar da hanya ta uku, wato maimaici. Suka ƙera wata na'ura mai ɗan bubbuga tafin ƙafar ɓera da ƙarfi daidai na taku, sau dubbai a rana. Ranar farko ba a ga komai ba. Bayan 'yan kwanaki wurin ya ɗau ɗumi ya kumbura, da aka ci gaba sai ya fashe. Idan kuma aka ba ƙafar hutu a tsakani, sai fatar ta yi ƙwari maimakon ta lalace. Suka kuma yi wata safa mai ɗauke da ƙananan ƙwayoyin rini waɗanda ke fashewa idan an danne su. Mutum ya sa ta cikin takalmi ya yi tafiya, a cire a ga wuraren da suka rine, a san inda za a rage wa takalmin. Suka lura cewa wurin da zai zama gyambo yakan fi kewayensa ɗumi tun kafin ido ya ga wani abu. A Carville ɗin ne kuma Brand ya gane cewa ƙafar mai ciwon suga da jijiyarta ta mutu da ƙafar mai kuturta hali ɗaya suke ciki, kuma takalmi ɗaya ke ceton su. Ya rasu a 2003, bayan dabarunsa sun shiga littattafan kula da masu suga a duniya.

Wannan tarihi bai yi nisa da mu ba. Dattawanmu sun san Yadakunya a Kano, da Babbar Ruga a Katsina, da Amanawa a Sakkwato, da Danja kusa da Maraɗi, wuraren da aka tara masu kuturta ana yi musu magani. A Uzuakoli da ke kudu maso gabashin Nijeriya ne John Lowe ya nuna, a ƙarshen shekarun 1940, cewa ana iya ba da maganin dapsone a haɗiya. A 1981 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar haɗa magunguna, tun 1995 kuma kyauta ake ba da su. Cutar ta ja da baya ƙwarai, ko da yake ba ta ƙare ba. Sai dai magani ƙwaya yake kashewa, ba ya tayar da jijiyar da ta mutu. Shi ya sa za ka ga mutumin da ya warke shekara 30 da suka wuce har yau yana fama da ƙafa.

Yanzu kuma matsalar ta shigo gidajenmu ta wata ƙofa. Ƙididdigar Tarayyar Ƙungiyoyin Ciwon Suga ta Duniya ta 2021 ta ce manya miliyan 537 ke da cutar, miliyan 24 daga ciki a Afirka, kuma fiye da rabin na Afirkan ba su ma san suna da ita ba. Suga idan ta daɗe ba a riƙe ta ba tana cin jijiyoyin ƙafa sannu a hankali, daga yatsu zuwa sama. Wani ya ce yana jin tafiyar kiyashi, wani ya ce tafin ƙafarsa na raɗaɗi da dare, wani ya ce ji yake yana taka auduga, wani kuma bai ji komai ba har jin ya tafi. Masana sun kiyasta cewa tsakanin kashi 19 zuwa 34 cikin ɗari na masu suga za su gamu da gyambon ƙafa a rayuwarsu, kuma galibin ƙafafun da ake yankewa da ɗan ƙaramin rauni suka fara. Duk wanda ya taɓa jinya a ɗakin fiɗa na manyan asibitocinmu ya ga gadajen da waɗannan bayin Allah suka cika.

Abin da ke damuna shi ne tarbiyyar da muka samu a kan takalmi ta saba mana da raina ƙarar da ƙafa ke kaiwa. Je kasuwa ana jibi Sallah ka tsaya gaban mai takalma. Uba ya zo da ɗan kara ko zaren da ya auna ƙafar yaro da shi a gida, yaron ma ba a zo da shi ba. Ko kuma an zo da shi, an cusa ƙafar da ƙyar, an sa leda a dunduniya don ta sulluɓe, yaro ya miƙe yana yamutsa fuska. Mai kaya ya danna bakin takalmin da yatsa ya ce, "Alhaji, sabo ne, zai saki." Uba ya dubi kuɗin da ke hannunsa, ya dubi sauran yaran da ba a saya wa ba, ya ce a sa a leda. Ranar Sallah kafin a sauko daga idi dunduniya ta saluɓe, da la'asar za ka ga yara suna yawon Sallah da sababbin takalma a hannu. Mukan yi dariya, mu ce ƙuruciya. Amma abin da yaron ya koya a ranar shi ne zafin takalmi abin haƙuri ne, kuma da wannan karatun zai tsufa.

Ba na zargin iyaye da rashin tausayi. Talauci ne ke sa a sayi lamba biyu sama don ya kai baɗi, ko a miƙa wa ƙane na yayansa, ko a ɗauki na gwanjo wanda ya riga ya lanƙwashe da takun wani. Sai dai ya kamata a san farashin. Ƙafar mutum ƙashi 26 ne da gaɓoɓi 33, ta yaro kuma yawancinta guringuntsi ne da bai gama ƙwari ba, tana bin siffar abin da aka zuba ta a ciki. Wanda ya yi kaɗan yana tanƙwara yatsu, yana tura farce cikin nama. Wanda ya yi yawa kuma yatsu ke ƙanƙame shi don kada ya fita, ƙafa na zamewa gaba da baya, gogayya ta kawo bororo da kanta. Batun "zai saki" ma rabin gaskiya ne. Fata ta ainihi takan ɗan buɗe a faɗi, amma babu takalmin da ke ƙara tsawo, roba da ledar da suka cika kasuwa yanzu kuwa ba sa buɗewa ko kaɗan.

Mata su suka fi shan wannan, da takalma masu tsinin baki da dogon dunduniya da ake sawa a biki, waɗanda ke tura nauyin jiki gaba su cushe yatsu biyar a wurin da bai fi na uku ba. A 1958 wasu likitoci biyu a Hong Kong suka kwatanta ƙafafun masu sa takalmi da na waɗanda suka rayu ba takalmi. Karkacewar babban yatsa, wadda ke fito da ƙashi a gefen ƙafa, ta kama kusan mutum ɗaya cikin uku na masu takalmi, a ɗaya ɓangaren kuwa ba ta kai biyu cikin ɗari ba. Gado yana da hannu a ciki, gaskiya ne, amma takalmi ne ke tono shi. Wannan ba kira ba ne a koma tafiya ba takalmi. Ƙaya da kwalba da rairayin bazara da tsutsar da ke shiga ta tafin ƙafa suna nan suna jira.

Inda abin ya fi muni shi ne a wajen dattijo mai suga. Da yake ƙafarsa ta rage ji, takalmin da ya yi masa daidai sai ya ji kamar zai faɗi, don haka da kansa yake zaɓen wanda ya matse, don shi ne yake jin riƙonsa. Ɗansa ya aiko masa da sau-ciki mai tsada daga Dubai ko Legas, ya sa ya tafi ɗaurin aure a wani gari, ya wuni a mota ƙafa ta kumbura. Da dare a ga jini a safa. Ba ya ciwo, saboda haka ba a ɗauke shi ciwo ba. A shafa man zafi, a gasa da ruwan da shi ba ya jin zafinsa, ko a kira wanzami ya fere kantar da aska, alhali sau da yawa a ƙarƙashin kantar nan gyambon yake ɓoye. Sai wari ya tashi ko zazzaɓi ya rufe shi sannan a nemi asibiti, lokacin ƙwayoyin cuta sun kai ƙashi. Haka nan a aikin Hajji: alhaji ya sayi sabon silifa mai igiya tsakanin yatsu ya yi doguwar tafiya da shi, ko takalminsa ya ɓace a ƙofar masallaci ya taka daɓe mai zafi da rana tsaka. Likitocin Saudiyya sun sha rubutu a kan ƙunar tafin ƙafa a wajen alhazai masu suga.

Abin da aka koya a Vellore da Carville ba ya bukatar kuɗi mai yawa. Takalmi da yamma ake gwada shi, lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, a tsaye, ƙafa biyu duka, domin da wuya ka sami mutumin da ƙafafunsa suke daidai wa daida. A bar sarari kamar faɗin babban yatsan hannu tsakanin yatsa mafi tsawo da bakin takalmi. Lambar da ke jiki ba abin dogaro ba ce, 42 na wannan kamfani ba shi ne 42 na wancan ba. Ga mai suga akwai dabara mai sauƙi: ya taka kwali a tsaye, a zana ƙafar, a yanke, a zura cikin takalmin, in gefen kwalin ya naɗe, haka fatarsa za ta sha. Sabon takalmi kada ya wuce awa ɗaya ko biyu a ranar farko, a cire a duba. Jan da bai baje ba bayan ɗan lokaci alama ce wurin na shan matsi. Kuma kullum kafin a sa, a zura hannu ciki a shafa, domin tsakuwa ko ƙusa ko ɗinkin da ya tashi hannu zai ji abin da ƙafa ba ta ji ba.

Mu kuma muna da wata dama da ba kowace al'umma ke da ita ba. Musulmi yana wanke ƙafarsa sau da yawa a yini, yana tsettsefe yatsu. Da za a ƙara kallo a kan wankin, a duba tafi da dunduniya da tsakanin yatsu, a tsane ruwan sosai, da an kama raunuka masu yawa tun suna kwana ɗaya. Wanda idonsa ya raunana ko ba ya iya sunkuyawa, ɗa ko jika ya duba masa. Akwai ma gwajin da likitocin asibitin Ipswich a Ingila suka fito da shi, wanda kowa zai iya yi a gida: mutum ya rufe ido, a taɓa kan babban yatsa da na tsakiya da ƙarami a kowace ƙafa da ɗan yatsan hannu, taɓawa mai sauƙi ba dannawa ba. Idan cikin wurare shida ya kasa jin biyu, ƙafar tana cikin haɗari, a kai shi a duba.

Ina ganin asibitocinmu da dukawanmu suna da bashin da ba su biya ba. Sau nawa mai suga ke zuwa ganin likita a auna jini, a rubuta magani, ya fita ba a ce ya tuɓe takalmi ba? Duba ƙafa ba ya cin minti uku. Ga Kano cike da masu ɗinkin takalma, daga Kurmi zuwa Ƙofar Wambai, hannayen da suka gaji sana'ar fata kaka da kakanni. Idan Brand ya iya zama da masu ɗinki a ƙauyen Indiya har suka fitar da takalmin da ya ceci ƙafafu, babu abin da zai hana asibitocin koyarwa namu su koya wa namu ɗinka takalmi mai faɗin baki, mai laushin ciki, marar ɗinki a inda yatsu suke, a kan awon ƙafar mai shi, da kuɗin da talaka zai iya biya. Ma'aikatan da suka yi aikin kuturta sun san wannan sana'a, kuma wasunsu suna raye.

Kafin hukuma ta motsa, mai karatu, idan akwai mai suga a gidanku, Baba ne ko Inna ko kai kanka, yau da dare a ɗauko takalmin da aka fi sawa a zura hannu ciki, sannan a haska tafin ƙafar da fitila. In an ga rauni, komai ƙanƙantarsa, ko da an ce ba ya ciwo, gobe da safe a tafi asibiti.